Mutumin da Ya Ceci Famfon Salaga

Allah ya ba kowane gari rabonsa. Yendi ta sami sarauta, Bawku ta sami kasuwa da albasa, mu kuwa a Salaga ya ba mu Alhaji Sualihu, kuma har yau ba mu gama godiya ba.

Jikan fatake ne na asali, irin waɗanda suka ratsa daji da jakunan goro tun ba a san mota ba. Shi da ya zo duniya goro ya riga ya canza hanya, sai ya kama dillancin doya. Amma kada ka kuskura ka kira shi dillali. Yana saurayi ya yi sati shida a Kumasi yana ɗaukar wa wani ɗan kwangila bututun ƙarfe a kafaɗa, tun daga nan ya zama Injiniya. Da ya sauke farali sai ya zama Alhaji Injiniya. Yana da tabarau wanda ba na ciwon ido ba, da biro uku a aljihun gaba, biyu ba sa rubutu, da rediyo mai dogon eriya da ba ya barin hammatarsa. In zai yi magana sai ya rage muryar rediyon a hankali, kamar mai ba mutanen London haƙuri su ɗan dakata, babba zai yi bayani.

Ni ne Karimu tela, kuma shagona yana kallon famfon unguwarmu. Na faɗi haka ne don kada wani ya ɗauka labarin nan jinsa na yi. Da ni aka yi komai, kuma ba a sahun baya nake ba.

Famfon jama'a ɗaya ne tal, a kan dakalin siminti, ƙarƙashin darbejiya. Ruwa na zuwa Talata da Juma'a, in injin ya tashi da lafiya. Kafin ya zo sai bututun ya yi tari, ya yi gyatsa, ya tofar da jan ruwa kamar mai kurkure baki, sannan ya saki fari tas. Wahabu, wani dattijo siriri mara yawan magana, shi ke buɗe shi, shi ke share wurin.

A watan Janairu na 1991, lokacin da yaƙin Tekun Fasha ya ɓarke, wata safiya Alhaji Injiniya ya iso gindin darbejiyar da sauri, rediyo a hammata, hula a karkace. Ya hau dakalin, ya rage muryar London.

"Jama'a, duniya ta rikice," in ji shi. "Yanzun nan na ji da kunnena, a manyan biranen Turai da Amurka an zuba masu gadi a bakin tankunan ruwa, saboda tsoron 'yan ta'adda za su zuba guba. To ni na zauna na auna abin a matsayina na masani. In suka je can suka tarar an tsare, ina kuke jin za su nufa?"

Wahabu ya jingina tsintsiyarsa. "Alhaji, su wa suka san da mu?"

"Su wa suka san da mu! Garin da sunansa ke kan taswirar Bature tun Accra tana ƙauyen masunta? Wahabu, ɗan ta'adda ba jahili ba ne. Yana karanta tarihi."

Gaskiya zan faɗa. Tsoro ya kama mu, amma daɗi ya fi tsoron yawa. Shekara ɗari ke nan tun da ayari ya daina sauka a garinmu. Babbar hanya ta bi ta wani wuri, manya ba sa tunawa da mu sai in suna neman doya. Sai ga shi yau an ce akwai mutane a wata uwa duniya da suka ajiye ayyukansu suna shirin kashe mu. Ranar kowa ya koma gida yana tafiya kamar wanda aka ƙara wa tsawo.

Kafin azahar an kafa Kwamitin Kare Ruwan Famfo na Salaga da Kewaye. Ba a yi zaɓen ciyaman ba, don babu bukata. Ni aka ba sakatare saboda rubutuna ba ya karkata, kuma ni na ɗinka mana jajayen ƙyallaye na ɗaurawa a damtse. Na Alhaji na yi masa da tauraro biyu, ya dawo da shi ya ce in ƙara ɗaya.

Wahabu ya sake gwada sa'arsa. Ya ce ruwan nan daga kogi yake fitowa, ya bi ta inji, a sa masa magani, shi ya sa ma yake wannan ɗan warin. Ya ce kafin mutum ya ɓata shi sai ya kawo guba cike da lori, lorin kuwa hanyar Tamale za ta karya mata ƙafa tun ba ta yi rabi ba. Alhaji ya saurare shi da tausayi, sannan ya ce in rubuta sunansa cikin waɗanda za a sa wa ido. Na rubuta, har na ja masa layi a ƙasa.

Mataki na farko na kimiyya ne. Alhaji ya kawo wani tsohon zakara daga gidansa, ya naɗa shi mai ɗanɗanon ruwa. Muka sa masa suna Dokta. Duk ranar ruwa, sai a tara kwanon farko a ajiye gaban Dokta, mata su jeru da bokitai da bahuna suna kallonsa. In ya sha, a jira awa guda bisa agogon Alhaji. In bai ga damar sha ba, a jira ya ga dama. Ruwan kuwa awa uku yake yi ya ɗauke.

Mma Damata, mai kokon bakin tasha, ita ce ta fara ɗaga murya. "Alhaji, kokona ba ya jiran zakara. Direbobi suna jira, ni ina tsaye nan ina kallon zakara yana tunani."

"Mma Damata," in ji shi, "da koko da rai, wanne ya fi?"

Muka gyaɗa kai. Ni har na rubuta maganar a littafin kwamiti don 'yan baya.

A sati na biyu Dokta ya sha ruwa, ya zaga sau biyu, ya sunkuyar da kai, ya mutu. Kajin unguwa sun yi kwana goma suna mutuwa haka, kamar yadda suke yi duk rani, nawa ma huɗu sun tafi. Amma waɗancan kajin gida ne, Dokta kuwa ma'aikaci ne, a bakin aiki ya faɗi. Alhaji ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ban taɓa ganin mutum ya yi baƙin ciki da irin wannan annurin a fuska ba.

"Sun iso," in ji shi.

Aka kawo sarƙa da kwaɗo aka ɗaure famfon, makullin ya shiga aljihun biro uku. Famfon da ke cikin gidansa ma ya naɗe shi da waya. Alhaji ya ba da umarni kowa ya koma dam, wato tafkin nan na bayan gari inda shanu ke sha. Mma Damata ta ce ko kare yana duba ruwan nan sau biyu kafin ya sa baki. Amma Alhaji ya riga ya yi nazarin wannan ma.

"Ku fahimci tunanin abokin gaba. Mutum ne mai ilimi, ya hau jirgi ya zo. Abin zamani yake nema, inji da bututu. Kuna jin zai zubar da girmansa ya shiga taɓo tsakanin shanu? Ruwan dam yana da kariyar da famfo ba shi da ita. Babu mai mutuncin da zai kula shi."

Muka ga hujja ta tsaya da ƙafarta. Matanmu suka kama hanyar dam, mil biyu zuwa, mil biyu dawowa. Ni kuwa, da yake sakatare ne, sai na ƙara da dokar kaina a gida. Na gaya wa matata Hanatu duk ruwan da ya yi fari abin zargi ne, kada ya shiga randata. Kullum sai na leƙa randar, in na ga kalar shayi da madara sai hankalina ya kwanta.

Da Salaga ta tsira, sai Alhaji ya ga son kai ne ya bar sauran Arewa cikin duhu. Ya ce za mu yi rangadi, shi da sakatare. Muka hau lorin doya, shi a gaba kusa da direba, ni a sama kan kaya. Muka bi ta Bimbilla muka sauka Yendi, inda wani abokin cinikinsa ya tara masa mutum ashirin a wata rumfa. Alhaji ya yi awa ɗaya da rabi yana bayanin yadda guba ke tafiya a bututu, har da zane a ƙasa. Da ya gama, wani tsoho mai sayar da igiya ya yi gyaran murya.

"Alhaji, mun gode. Mu dai a layinmu wata huɗu ke nan famfo bai ɗiga ba. In ka ga mutanen nan, ka ce don Allah su fara kawo ruwan, maganar guba ma yi ta daga baya."

Rumfa ta kwashe da dariya. Alhaji bai yi ba. Ya juyo ya ce in rubuta cewa Yendi ta riga ta ɗauki matakin da ya fi kowanne inganci. Na rubuta.

A hanyar Bawku ya yi ta nazari. Ya ce ya gane matsalar mutanenmu, ba sa yarda da baki sai sun gani da ido. Saboda haka a Bawku ba jawabi zai yi ba, gwaji zai yi. Ya sa na rubuta takarda mai taken Wuraren da Guba Za Ta Fi Saurin Shiga, muka jera guda bakwai, na sa hannu a ƙasa da cikakken sunana. Sannan ya sayi mudu guda na garin kokonte, wato garin busasshen rogo, fari fat, ya ƙulle a leda.

Ranar kasuwa muka isa. Akwai wani tsohon tanki mai ƙafafun ƙarfe a gefen masu albasa. Da tsakar rana, don kowa ya shaida sakacin garin, Alhaji Injiniya ya tattare babbar riga ya kama tsani. Ya kai rabi wani mai gadi ya hango shi.

"Kai! Kai mai riga! Mene kana kai sama? Sauka!"

Mutane suka fara taruwa. Alhaji ya duba ƙasa ya ga taron da bai taɓa samu ba a rayuwarsa, zuciyarsa ta yi fari. Ya ƙarasa sama, ya ɗaga ledar yadda rana za ta haska ta, ya buɗe murya.

"Mutanen Bawku! Da guba ce wannan a hannuna, da yanzu duk kun mutu!"

Akwai iska ranar, kuma kasuwa ba ta shiru. Abin da ya sauko ƙasa kalmomi uku ne: guba, da kun mutu.

Ban san albasa tana da nauyi haka ba sai da na ga tana tashi sama. Matan Bawku ba su ɓarnatar da mai kyau ba, ruɓaɓɓiya suka zaɓa, kuma hannunsu ba ya kuskure. Ni dai na zare jan ƙyallena a hankali na cusa a aljihu, na shige cikin jama'a. Wata mata ta tambaye ni ko na san shi, na ce daga nesa dai ya yi kama da mutanen kudu. Da 'yan sanda suka zo suka sauko da shi, hula babu, tabarau ido ɗaya, abu na farko da ya yi shi ne miƙa yatsa.

"Ga sakatarena can. Takardun suna wurinsa."

Sufeton da aka kai mu gabansa mutum ne mai sanyin hali. Ya karanta takardar nan tun daga take har zuwa sa hannuna, ya dube mu, ya sake karantawa. Ya shinshina garin. Sannan ya sa aka tafasa ruwa aka tuƙa shi a gabanmu, ya ce mu cinye, ba miya. Muka cinye. Ya sa ido a kanmu awa guda, bisa agogonsa. Kwana biyu muka yi a hannunsu kafin abokin cinikin Alhaji ya zo daga Yendi ya tsaya mana.

Da za a sake mu, Alhaji ya nemi a karanta masa abin da aka rubuta a kansa, don tarihi. Sufeton ya ce an rubuta cewa an bincika, mutanen nan ba su da haɗari ko kaɗan.

Duk albasar Bawku ba ta yi masa ciwon wannan ba. "Ko kaɗan?" in ji shi. "Ranka ya daɗe, mutum ya hau tankinku da rana tsaka, gari ya girgiza. Ko ba komai a sa cewa an yi zargi mai ƙarfi."

"Alhaji, ka tafi gida," in ji sufeton.

Da muka dawo Salaga muka tarar da sarƙar a ƙasa. Mma Damata ce ta zo da taɓarya ran Juma'a ta farfasa kwaɗon, Wahabu ya buɗe ruwa, mutane sun yi sati suna sha, ko mura babu wanda ya yi. Yaƙin can ma ya ƙare. Alhaji ya dubi guntayen kwaɗon, ya dubi jama'a, ya sanar cewa 'yan ta'adda sun sami labarin kwamitinmu, sun ga ba wurin shiga, sun janye. Sati bakwai cif famfon ya yi a kulle. Labarin Bawku kuwa muka gyara shi tare a kan lori, ya zama gagarumin taron da hukuma da kanta ta ba mu masauki.

Da nan abin ya tsaya, da sai a yi dariya a tashi.

Bayan shekara guda, ana shirin shiga azumi, ƙafata ta dama ta fara ƙaiƙayi a wajen idon sawu. Sai ƙuna kamar an ɗora garwashi, sai bororo. Da ya fashe sai ga farin zare ya leƙo. Kurkunu. Tun da aka kawo famfo unguwarmu ta kusa mantawa da shi, sai dai a ga mutanen ƙauye suna ɗingishi da shi ranar kasuwa. Wannan shekarar gida-gida ya bi mu, mutum sittin da wani abu. Hanatu a ƙafa biyu ya fito mata, da goyo a bayanta, da rarrafe take zuwa madafi. Garuba, maƙwabcina manomi, shi da 'ya'yansa uku duk suka kwanta a daidai lokacin dashen doya, gonarsa ta shekara babu ko kunya ɗaya, sai da ya sayar da tumakinsa suka ci. Ni kuwa da ƙafar nan nake taka keken ɗinki. Kayan sallar mutane suka taru a shago, ina kallonsu suna kallona, har masu su suka zo suka kwashe.

Aka turo mana wata nas, Fuseina, daga asibiti. Kullum da safe sai mu taru a gindin darbejiya kan tabarmi, ƙafafu a miƙe, tana bi tana wanke ciwon, tana naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan, don in ta tsinke a ciki abin ya fi muni. Manyan maza suna cizon hannun riga. Ta raba mana ƙyallen tace ruwa, ta yi mana bayani cewa abin a ruwan tafki yake, shekara yake yi a jiki kafin ya fito. Ta ce abin da ya ɗaure mata kai shi ne yadda unguwa mai famfo ta fi ƙauyuka kamuwa. Kowa ya sami abin kallo a ƙafarsa.

Ana cikin haka sai ga Alhaji Injiniya, cikin takalmi sau-ciki, yana taku ɗai-ɗai. Ko ƙurji babu a jikinsa, haka ma duk gidansa. Ya zo duba marasa lafiya. Ya hau dakalin.

"Jama'a, sannunku. Mutane suna ta tambayata, Alhaji, ruwa ɗaya muka sha, yaya kai abin bai taɓa ka ba? To ba alfahari ba, jiki ma yana da tarbiyya. Wanda ya saba da tsari, ya san ƙa'idar ruwa, ko tsutsa tana gane shi. Shawarata gare ku..."

"Alhaji, sauko haka nan."

Matarsa ce, Hajiya Atikatu, tana tsaye da bokiti a layin ruwa. Mace ce da ba a jin muryarta a waje, shi ya sa kowa ya juyo.

"Ba ruwa ɗaya kuka sha ba," in ji ta. "Famfon nan na bayan ɗakina da ka naɗe da waya ka ce kada a taɓa, kana fita nake kwancewa in cika randuna, kafin ka dawo in mayar. Ko kofi ɗaya na dam bai shiga cikinka ba. In ka ce ruwan ya yi fari da yawa sai in ce alif na sa ya kwantar da lakar. Na aika wa mata su zo su ɗiba, Mma Damata ta zo, wasu ma sun zo. Hanatu ta zo sau ɗaya, ta ce mijinta ya leƙa randa ya sa ta zubar."

Ban ɗaga kai ba. Na tuna ranar, har na tuna jawabin da na yi mata.

Alhaji ya tsaya, bakinsa a ɗan buɗe. Nas Fuseina ta dakata da tsinke a hannu. Na ga Garuba yana lalubar sandarsa, kuma na ɗauka yau dai ƙarshen Injiniya ya zo. Amma babban mutum ba a banza yake zama babba ba. Ya gyara tabarau, ya dafa ƙirji.

"Kun ji da kunnenku," in ji shi. "Sati bakwai, a lokacin da babu wanda ya san abin da ke cikin bututun nan, ni kaɗai nake shansa, safe da yamma, a madadinku. Da akwai guba, wa za ta fara kashewa? Ban taɓa faɗa ba, don ba na son yabo."

Ruwa yana ta zuba a bokitin Hajiya. Can sai wani daga cikin masu zaman tabarma ya fara tafi, a hankali, shi kaɗai, da zuciya ɗaya. Hanatu ta juyo daga inda take zaune da ƙafafunta biyu a ɗaure, ta zuba masa ido.

Na sauke hannuwana.